Ƙafar Baba da Hanyar Jidda

Litinin, 9 ga Shawwal, bayan La'asar

Baba ya dawo gidanmu da zama, ba da son ransa ba. Jiya maigidana Mukhtaru, Abu Afnan, ya je unguwar Ka'akiyya, nan cikin Makka, ya ɗauko shi daga ɗakin nan nasa mai kama da akurki, shi da buhun kayansa da butarsa. Ya ce tun daga can har unguwarmu Rusaifa mita Baba yake yi a mota, wai an sato shi kamar akuya. Na ba shi ɗakin da ke kusa da banɗaki saboda alwala.

Na ga ƙafar. Tun farkon azumi yake ɓoye mana ita cikin safa. Babban yatsa da na kusa da shi sun yi baƙi. Da na tambaye shi, sai ya ce tayar keken tura alhazai ce ta taka shi tsakanin Safa da Marwa, ba wani abin ɗaga hankali ba ne. Mutum mai ciwon suga, ya haura saba'in, amma yana nan yana tura mutane a keke yana karanta musu addu'o'i. Wasu da yake turawa ma ya girme su.

Da Hausa nake rubuta wannan don duk gidan nan ba mai karanta ta sai ni. Abu Afnan a Makka aka haife shi, Hausarsa a baki take. 'Yarmu Afnan kuwa ko a bakin ma sai a hankali.

Talata, 10 ga Shawwal, da hantsi

Abu Afnan ya yi masa maganar asibiti. Baba ya bar shi ya gama tsaf, sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Mukhtaru. Ba zan je ba."

Akwai abin da ba ma faɗa da ƙarfi ko a cikin gida. Baba ba shi da takardar zama. Umara muka zo daga Kazaure ina 'yar shekara goma sha biyar, ni da shi da Inna, muka zauna. Ni aure ya gyara mini tawa. Inna ta rasu ba ta samu ba, kuma ta daina buƙata. Idan aka kai Baba asibitin nan garin za su duba shi, amma za a ɗauki hoton yatsunsa, in ya warke a sa shi a jirgi. Wannan na gane, ni ma ba na so.

To amma akwai wata hanyar. Abu Afnan yana da aboki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a Jidda, ya ce a kawo shi, ba za a tsawaita tambaya ba. Ƙanwar Abu Afnan, Maha, tana can da gidanta. Tafiyar awa guda ce. Nan ne Baba ya kafe, domin Jidda tana wajen iyakar Harami, shi kuwa ba ya ƙetare iyaka.

Alhamis, 12 ga Shawwal, bayan Azahar

Baba yana wanke ƙafar da zamzam, ya shafa zuma da man habbatus-sauda, ya naɗe da tsumma mai tsabta. Yana yi yana hira da ita, wai ta yi haƙuri sun sha tafiya tare. Na tsaya a bakin ƙofa da tire a hannu, ban san dariya zan yi ko kuka ba.

Tun ina yarinya haka yake. Ko Arfa, da yake tana wajen iyaka, rabonsa da ita tun Hajjin da ya yi da Inna. Lokacin aikin Hajji abokan sana'arsa duk su tafi can inda ake samu, shi a Muzdalifa yake tsayawa ya jira alhazai su sauko. Shekarun baya an buɗe wata ƙofa ta gyaran takardu, amma sai mutum ya je Jidda ya karɓo fasfo. Mun yi roƙo, mun yi fushi, Abu Afnan har wata dattijuwa daga dangin mahaifiyarsa ya turo masa. Baba ya ce fasfo ya zo Makka ya same shi.

A lokacin dariya muka yi ta yi. Har labarin nake bai wa mata a wurin biki, in ce ku zo ku ji Babana.

Juma'a, 13 ga Shawwal, da yamma

Yau ma bai yarda ba. Na sa turaren wuta sau biyu a falo.

Lahadi, 15 ga Shawwal, bayan La'asar

Abu Afnan ya lallaɓo wani likita Ba'indiye daga ɗakin shan maganin unguwa, ya zo gida don mutunci. Da ya kwance tsumman sai na ga fuskarsa ta canza. Ya danna sama da idon sawu ya tambaya ko da zafi. Baba ya ce babu, har da murmushi, yana ganin ya ci jarrabawa. Likita bai yi murmushi ba.

Larabcin likitan gaja-gaja ne, don haka da Afnan suka yi magana da Turanci, tunda shi take karantawa a jami'a. Ta fassara mana a tsakar gida. Ban son rubuta abin da ya ce za a yi wa ƙafar. Ya dai ce yau yatsu ne, gobe ba yatsu ba ne, kuma in abin ya shiga jini maganar ƙafa ta ƙare, sai maganar rai.

Ya koma ciki ya yi wa Baba bayani da hannu da ido. Baba ya gode masa, ya sa ni in kawo masa dabino. Da likitan zai fita ya girgiza kai ya faɗi wata kalma guda ga Afnan. Na ce me ya ce? Ta ce, "Mama, ya ce Sidi anid ne." Sidi take kiran kakan nata, irin na mutanen nan. Na ce anid na sani, mai taurin kai ke nan, amma ba ita na ji ya faɗa ba. Raina ya ɓaci, ban san dalili ba. Ni na isa in ce ubana mai taurin kai ne, amma baƙo ya shigo gidana ya ci dabinona ya faɗa da yaren da ba na ji, wannan ya tsaya mini a wuya.

Litinin, 16 ga Shawwal, da hantsi

Na matsa wa Afnan sai da ta rubuta mini kalmar. Ga ta: obstinate. Ina yanka albasa ta zauna a kan kujerar kicin tana bincike a waya, tana faɗa mini rabi da Larabci rabi da Hausarta mai ɗingishi.

Ta ce ba asalin Turanci ba ce, daga Latin aka aro ta tun ɗaruruwan shekaru, kuma tushenta tsayuwa ne, mutum ya tsaya wuri guda ya ƙi gusawa. Wai a wancan tsohon yaren ana iya faɗa wa mutum ita don yabo, ana iya faɗa don zargi. Da ta shigo Turanci sai zargin ya fi yawa. Malaman cocinsu na dā suna kiran wanda aka ce ya bar aƙidarsa ya ƙi da ita. Daga baya likitoci suka riƙa kiran tari ko gyambon da ya ƙi jin magani da ita.

Na ce to, duk biyun muna da su a ɗaki guda.

Na yi ta juya abin a raina har na ƙona miya. Mu muna da taurin kai, muna da kafiya, muna da naci, muna da ƙi-faɗi. Taurin kai na yara ne da jakuna. Naci na mai neman abu ne. Baba ba ya neman komai, ba ya ɗaga murya, ba ya ma musu. Ka gama maganarka ya sa maka albarka, gobe ka tarar da shi inda ka bar shi. Ina jin kafiya ce ta fi kusa. Sanin sunan abin bai rage komai ba, baƙin ya kai yatsa na uku.

Laraba, 18 ga Shawwal, bayan Magariba

Yau ma bai yarda ba.

Na gwada ta lallashi. Na dama masa kunun gyaɗa irin na Inna, na zauna a ƙasa kusa da katifarsa, na ce Baba ai zuwa za mu yi mu dawo. Ya ce, "Uwata, wa ya ce miki ana dawowa?" Sunan mahaifiyarsa Kabira aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Na gwada ta malamai. Na ce neman magani ai umarni ne. Ya ce ga shi yana nema, ya nuna mini kwalbar zuma. Na ce ƙasa duk ta Allah ce. Ya ce haka ne, amma Allah da kansa ya zaɓi wani wuri ya kewaye. Na tashi na bar masa kunun, kuma ya shanye tas, har yana cewa sukari ya yi kaɗan.

Asabar, 21 ga Shawwal, bayan Azahar

Mun yi faɗa da Abu Afnan, irin wanda rabonmu da shi tun Afnan tana goye. A mota muka yi don kada a ji.

Ya ce ranar ashirin da biyar ga wata za a tsaurara hanya saboda Hajji. Daga ranar duk motar da za ta shigo Makka sai an duba kowa a shingen Shumaisi, mai takarda ma sai da izini, balle marar takarda. Ya ce in mun tafi yanzu akwai ɗan fata, in mun wuce ranar, fita dai za a iya, shigowa kuwa sai abin da Allah ya yi. Sannan ya kawo shawarar da ta sa na yi masa tsawa. Wai a sa wa Baba maganin barci a kunu.

Na ce ubana ne, ba buhun shinkafa ba. Ya ce shi ma bai ɗauke shi surukin banza ba, shi ya sa ba zai zauna yana kallo ruɓa tana hawa ba. Ya ce, "Ke ma irinsa ce, wallahi. Kanku ɗaya." Na ce ya tsaya in sauka. Ya tsaya, ban sauka ba, don ban san inda za ni ba. Muka zauna a gefen titi injin yana aiki, kowa yana kallon gabansa.

Gaskiyarsa ce ta fi ba ni haushi.

Lahadi, 22 ga Shawwal, da safe

Warin ya kai falo. Afnan ta koma yin karatu a ɗakin girki.

Talata, 24 ga Shawwal, bayan La'asar

Yau Baba ne da kansa ya kira ni. Ya ce in rufe ƙofa.

Ya ba ni labarin amininsa da suka taso tare a Kazaure, wanda ya riga mu zuwa. Na san mutumin, yana kawo mini alewa. Shekara da shekaru yana Makka yana roƙon Allah ya ɗauki ransa a nan, a yi masa salla a gaban Ka'aba. Rana ɗaya aka ce ya je Jidda ya karɓo saƙon da aka aiko masa daga gida, yaji da daddawa da kuka. Mota ta kife da su a hanya. A can aka binne shi, mutum kaɗan suka sallace shi. Baba ya ce ranar ya ɗaukar wa kansa alkawari, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba sai Inna.

Ya ce, "Na bar gona, na bar 'yan'uwa, uwata ta rasu ban gan ta ba. Duk don abu guda na yi. Innarki tana nan maƙabartar Shara'i tana jirana. Yanzu da abin ya zo kusa za ki ce in tafi yawo?"

Na ce ba yawo ba ne, Baba, rai ne. Ya ce ya sani. Ya ce ba ƙafar yake jin tsoron rasawa ba, in a nan za a yi kuma a bar shi a nan, su ɗauki duka biyun. Sannan ya kama hannuna ya ce in yi masa alkawari ko hankalinsa ya gushe ba za a fitar da shi ba. Hannunsa da zafi. Kai kawai na gyaɗa, kuma ya gani.

Laraba, 25 ga Shawwal, da yamma

An tsaurara hanya. Abu Afnan ya dawo daga aiki, ya ci abinci ya shige ɗaki.

Juma'a, 27 ga Shawwal, bayan sallar Juma'a

Zazzaɓi. Ya ƙi kunu, ya ƙi shayi. Zamzam kawai yake karɓa, shi ma a cokali. Likitan ya ƙi dawowa, ya ce wa Abu Afnan ba abin da zai iya yi a gida, kuma yana tsoron aikinsa. Ban ga laifinsa ba.

Na tsinci kaina ina maimaita kalmar nan tasa a bakin famfo, ina wanke tsumma. Ko faɗarta daidai ban iya ba. Ina ta tunanin mutanen dā ɗin da Afnan ta ce ana kira da ita, waɗanda aka ce su sauka daga kan abin da suka yi imani da shi suka ƙi. Ba wanda ya rubuta labarin 'ya'yansu mata, masu wanke tsumma.

Lahadi, 29 ga Shawwal, da hantsi

Bai gane ni ba. Ya kira ni da sunan Inna, ya ce in kawo masa fartanya hadari ya haɗo. Yana ta tura bargo da hannu biyu yana cewa a ba da hanya, a ba da hanya, irin yadda yake yi in yana tura keke cikin cunkoso. Baƙin ya wuce idon sawu.

Afnan ta durƙusa a gabana tana kuka. Ta ce, "Mama, Sidi zai mutu, ke kina kallo?" Hausar ta fito mata daidai, ba kuskure ko ɗaya.

Abu Afnan yana tsaye da makullin mota a hannu. Ya ce dai magana tawa ce, ubana ne.

Na shiga banɗaki na kunna famfo na daɗe.

Litinin, 30 ga Shawwal

Mun tafi.

Laraba, 2 ga Zulƙida, Jidda, bayan Azahar

Ba a sa masa komai a kunu ba, wannan dai zan iya cewa. Ba a buƙata ba. Kansa yana kan cinyata a kujerar baya, Afnan tana riƙe da ƙafar mai lafiya. Da muka zo wajen alamun iyaka Abu Afnan ya rage gudu, ya dube ni ta madubi. Na kawar da kai. Baba yana barci, bakinsa yana motsi. A shinge ɗaya ɓangaren motoci sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu, ana duba masu shiga. Mu masu fita hannu kawai aka ɗaga mana.

An yi aikin jiya. Ƙasa da gwiwa kaɗan. Sun ce da mun ƙara kwana biyu da ba wannan maganar ake ba. Maha ta rungume ni ta ce na ceci ubana. Kowa haka yake cewa. Abokin Abu Afnan ma ya ce na yi jarumta. Na ce musu na gode.

Asabar, 5 ga Zulƙida, da safe

Ya farfaɗo sosai. Zazzaɓin ya sauka, idonsa ya washe. Ban san yadda aka yi ya gane ba, ɗakin ba taga ta kirki. Wataƙila damshin iskar garin ne, ko kiran sallar da ba irin wanda kunnensa ya saba da shi ba. Ya dubi silin, ya dubi bargon inda ya lotsa, ya dube ni. Bai tambaye ni komai ba.

Afnan ya kira, ba ni ba. Ya ce ta kawo masa dutsen taimama, ta nuna masa alƙibla. Ta duba waya ta nuna bangon da ke bayan ƙofa. Ya ce wace kusurwa ce nan? Ta ce gabas. Sai ya ce, "Gabas. Kamar a Kazaure." Ni da ita muka juya gadon. Ina tsaye a kansa har ya idar, bai ɗago ido ya dube ni ba.

Litinin, 7 ga Zulƙida, da yamma

An sallame mu zuwa gidan Maha. Yana ci, yana shan magani a kan lokaci, duk abin da aka miƙa masa ya karɓa. Maha ta ce ba ta taɓa ganin majinyaci mai sauƙin kai irinsa ba, wai ina taurin kan da ake faɗa? Na fita baranda.

Abu Afnan ya koma Makka saboda aiki. Ya bugo ya ce shingen ya fi yadda ake faɗa, har bayan mota ake buɗewa. Ya ce mu bari sai bayan Hajji a ga abin da zai yiwu. Daga muryarsa na san abin da yake nufi.

Yau ma bai yi mini magana ba.

Alhamis, 10 ga Zulƙida, bayan La'asar

Ya yi mini magana.

Ina canza masa zanen gado, ya ce, "Uwata." Sai da zanen ya faɗi daga hannuna. Ya ce ina aka kai ƙafar? Na ce an binne ta, Baba, yadda addini ya ce. Ya ce a ina? Na so in yi masa ƙarya, na ga ba zan iya ƙara wani abu a kan wanda na riga na yi ba. Na ce a nan Jidda, asibiti ne suke yi, ba su tambaye mu ba.

Ya daɗe yana kallon hannuwansa. Na jira faɗa. Wallahi so nake ya yi, ya zage ni, ya ce na ci amana, ya ce a ɗauke shi yanzu-yanzu a mayar da shi ko a kafaɗa ne. Da ya faɗa da na nemi hanya, ko ta dutse ce.

Ya ce, "Ki sa Mukhtaru ya tambayo wace maƙabarta ce. In lokaci ya yi a kai ni can, kada ku wahalar da kanku."

Na durƙusa na ce a'a, Baba, ba haka za a yi ba. Na ce bayan Hajji hanya za ta buɗe, za mu san yadda za mu yi, zai koma ɗakinsa, zai yi salla a Harami, ni da kaina zan tura shi a keke. Ina ta magana, ina ta jira ya katse ni.

Bai yi mini gardama ba. Ya ce to.